Daga Ɓawon Ƙwai Zuwa Asibitin Shaho: Gubar Maganin Ƙwari da Tarihin Binciken Tsuntsaye a Dubai

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi yadda annobar DDT ta haifar da ilimin kiwon shaho na zamani, da yadda ilimin ya samu gindin zama a Dubai. Ta nuna cewa asibiti yana warkar da tsuntsu guda, amma makomar jinsinsa tana hannun masu feshi a ƙasashe masu nisa.

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan arzikin man fetur, Larabawan gaɓar Tekun Fasha suna kama shaho lokacin da yake ƙaura a kaka, su horar da shi, su yi farautar hubara, wato dangin tuje, sannan su sake shi idan zafi ya gabato. Iri biyu suka fi daraja a wurinsu: shahin da hur. Yawancin waɗannan tsuntsaye baƙi ne da ake ƙyanƙyashewa a arewacin Asiya da Turai. Saboda haka duk abin da ya taɓa sheƙarsu a can, sai ya taɓa mafarauci a Dubai.

2.0 Annobar DDT

A 1939 Paul Müller, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano cewa DDT yana kashe ƙwari, har ya samu kyautar Nobel a 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta feshinsa a gonaki. A 1962 littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring ya ja hankalin duniya ga illarsa, sannan taron Madison na 1965 ya tabbatar da cewa shahin ya daina hayayyafa a gabashin Amurka.

Derek Ratcliffe ne ya warware sirrin a 1967. Ya auna ƙwayayen da aka adana a gidajen tarihi na Birtaniya, ya ga ɓawonsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar tun daga 1947. Dalilin shi ne DDT yana rikiɗewa zuwa DDE, ya taru a kitsen ƙananan tsuntsaye. Idan shahin ya ci su, sinadarin yakan hana jikin uwa zuba isasshen kalsiyam a ɓawo, sai ƙwai ya fashe a ƙarƙashinta tana kwanci. Amurka ta haramta DDT a noma a 1972. Kafin nan, a 1970, Tom Cade ya kafa Peregrine Fund a Jami'ar Cornell, inda aka ƙware wajen hayayyafar shahin a killace. An saki dubbai, kuma a 1999 aka cire shi daga jerin halittun da ke bakin ƙarewa a ƙasar.

3.0 Zuwan Ilimin Dubai

A 1976 Shaihu Zayid bin Sultan ya kira taron duniya kan farauta da shaho da kare shi a Abu Dabi, wanda ya haɗa mafarautan Larabawa da masanan Yamma. A 1983 Shaihu Hamdan bin Rashid Al Maktum ya buɗe Asibitin Shaho na Dubai a ƙarƙashin likitan dabbobi Ba'amurke David Remple. A 1985 aka kafa Babban Ɗakin Binciken Cututtukan Dabbobi na Dubai, sai asibitin Abu Dabi a 1999. Dabarar hayayyafa da aka ƙirƙira don ceton shahin daga DDT ita ce ta ba mafarautan Dubai tsuntsayen kiwo, ta rage dogaro da na daji.

4.0 Darasin Mongoliya

Sai dai guba ba ta ƙare da DDT ba. Tsakanin 2001 da 2003 hukumomin Mongoliya suka watsa hatsi mai ɗauke da bromadiolone a filayen kiwo don kashe ɓerayen daji. Sinadarin yana hana jini daskarewa, kuma hur da sauran tsuntsayen da suka ci ɓerayen sun mutu. A 2004 aka sanya hur cikin halittun da ke cikin haɗari. Babu likitan Dubai da zai iya maganin wannan, shi ya sa hankali ya koma kan sheƙa da hanyar ƙaura. A 2008 aka rattaba hannu a Abu Dabi kan yarjejeniyar kare tsuntsaye mafarauta masu ƙaura na Afirka da Turai da Asiya, kuma a 2010 Hukumar Muhalli ta Abu Dabi ta ɗauki nauyin kafa sheƙunan hannu 5,000 a Mongoliya.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Shahin na arewa yana cin sanyi a Afirka, kuma a Yobe da Jigawa da Kabi ana feshin jan baki da jirgin sama don kare gero da shinkafa. Fenthion, wanda aka daɗe ana amfani da shi kan jan baki a Afirka, yana kashe shaho da shirwa da suka ci gawar. Manomi yana da haƙƙin tsare amfaninsa, amma Ratcliffe bai gano ɓarnar DDT ba sai don wasu sun adana ƙwai shekaru da yawa kafinsa. Aikin da ke gaban jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi shi ne ƙidayar tsuntsaye kafin feshi da bayansa, da adana samfurin ƙwai da gashi don masu bincike na gobe.