Horon likitocin gaggawa kan zubar jini ga masu shan maganin tsinka jini

Idan aka kawo muku majinyaci yana zubar da jini mai tsanani, ku fara da tambayoyi biyu: wane maganin tsinka jini yake sha, kuma yaushe ya sha na ƙarshe? A kansu aka gina horon likitocin sashen gaggawa, domin kowane magani da makarinsa.

Mai shan Sintrom ko warfarin, ku dakatar da maganin, ku ba shi bitamin K miligiram 10 tare da PCC, wato haɗin sinadaran daskarar da jini. Bitamin K sai bayan sa'o'i yake aiki, PCC kuwa cikin mintoci. Inda babu PCC, a ƙara masa ruwan jini, wato plasma. Makarin heparin shi ne protamine, na dabigatran kuma idarucizumab, wanda aka amince da shi a 2015.

Ku lura, jini yakan zuba a ɓoye. Baƙin bayan gida ko matsanancin ciwon kai bayan faɗuwa alamu ne na haɗari. In rai yana cikin haɗari, kada ku jira sakamakon awon INR kafin ku ba da makarin.