Tsakanin Tauri da Fumfuna: Nazari kan Adana Burodin Gida

Tsadar burodin kanti, da shakkun da mutane ke yi kan abin da ake zuba masa, sun sa wasu gidaje a Kano da Kaduna da Maraɗi sun koma gasa nasu. Duk wadda ta gwada kuwa ta ci karo da abu ɗaya: burodin da ya sauka daga wuta da laushi da ƙamshi, kafin jibi ya yi tauri yana marmashewa, ko kuma fumfuna ta feso masa, alhali na kanti yakan yi kwanaki a leda bai sauya ba. Sau da yawa uwargida kan ɗora wa hannunta laifi. Hannun ba shi da laifi. Manyan gidajen burodi suna zuba sinadarai irin su calcium propionate don hana fumfuna, da wasu masu riƙe laushi, abubuwan da ba a samu a madafin gida. Na gida tsirara yake fuskantar iska da zafi, don haka dabarar ajiya ce kaɗai garkuwarsa.

Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, abubuwa biyu ne ke lalata burodi, kowanne da tasa hanyar, kuma abin da ke maganin ɗaya shi ke ciyar da ɗayan. Saboda haka babu wata doka guda da za ta yi aiki daga Janairu har Disamba a ƙasar da hunturunta da bazararta da daminarta suka sha bamban kamar tamu.

Me ke sa burodi tauri?

Kusan kowa zai ce bushewa ce. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma an daɗe da gano cewa ba ta cika ba. A shekarar 1852, wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Jean-Baptiste Boussingault, ya rufe burodi a cikin mazubin da iska ba ta shiga, ta yadda ruwan jikinsa ba shi da hanyar fita. Duk da haka burodin ya yi tauri. Da ya mayar da shi wuta har zafin cikinsa ya kai kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, sai laushin ya dawo. Ke nan ruwan na nan bai tafi ko'ina ba, wani abu ne ya sauya a cikin tsokar burodin.

Wannan abu sitaci ne, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na fulawar alkama. Kafin gashi, sitacin yana cure ne a ƙananan ƙwayoyi masu tauri. Idan zafi ya kai wajen digiri 60, sai ƙwayoyin su sha ruwa su kumbura su saki jiki, daga nan laushi ke samuwa. Da zarar an sauke burodi ya fara hucewa, sitacin zai soma komawa yana sake curewa, yana matse ruwan da ya sha yana turo shi waje. Masanin ƙasar Holan J. R. Katz ne ya tabbatar da wannan curewa ta hanyar haska burodi da hasken eksire a farkon ƙarni na 20, sannan a 1947 Schoch da French a Amurka suka nuna wane ɓangaren sitacin ne ya fi hannu a ciki.

Sitacin alkama iri biyu ne. Kusan kwata ɗinsa amilos ne, wanda ke curewa cikin sa'o'in farko bayan gashi. Wannan curewar alheri ce, domin ita ke sa tsokar burodi ta tsaya har wuƙa ta yanka ta ba tare da ta caɓe ba. Shi ya sa wanda ya kasa haƙuri ya yanka burodi da zafinsa yake samun cikinsa yana danƙo. Sauran kashi uku cikin huɗu amilofektin ne, shi kuma a hankali yake curewa, kwana da kwanaki, kuma shi ne ummul-haba'isin taurin da muke kuka da shi. Bahaushe ya san wannan a aikace tun kafin a ba shi suna: tuwon dare yakan kwana ya sandare ko da an rufe shi ruf a kwano, amma da an yi ɗumame sai ya saki ya dawo da laushinsa. Abin da ke faruwa da tuwon, shi ke faruwa da burodi.

Akwai kuma tafiyar ruwa daga ciki zuwa waje. Tsokar burodi tana ɗauke da ruwa kusan kashi 40 cikin 100, ɓawon kuwa a bushe yake fitowa. A hankali ɓawon ke jan danshi daga tsokar, sai shi ya yi taushi kamar fata, ita kuma ta ƙara tauri. Burodin da ya fi shan wahalar wannan shi ne dogon burodin Faransa da ake ci a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, babu mai babu sukari, ga shi siriri mai yawan ɓawo. Na safe ba ya kai dare da daɗinsa, shi ya sa ake sayensa kullum. Gurasar Kano ma ta yini ɗaya ce. Dubi mai tsire da yamma: yakan ɗora gurasa a gefen wuta, ya shafa mata mai, ya juya ta sau ɗaya ko biyu kafin ya naɗe nama a ciki. Zafin ne ke warware sitacin da ya cure tun safe. Yayyafa ruwa kaɗai, irin wanda ake yi wa bandashe, yana jiƙa gurasa ne ta tauno, amma wuta ce ke dawo da laushin asali.

Fumfuna da yauƙi

Maƙiyi na biyu mai rai ne. Zafin gashi yana kashe ƙwayoyin fumfuna, don haka burodi yakan fito daga wuta a tsarkake. Bayan an sauke shi ne suke sauka a kansa, daga iska, daga hannu, daga wuƙa, daga tsumma ko tsohuwar leda. Waɗanda aka fi gani su ne Rhizopus mai baƙi-baƙi kamar auduga, da Penicillium mai kore ko shuɗi, da Aspergillus. Abin da suke nema ɗumi ne da danshi, kuma babu inda suke samun su kamar cikin ledar da aka ƙulle burodi da sauran zafinsa. Wanda ya taɓa lura da teburin mai shayi da hantsi ya ga alamar: leda ta yi gumi daga ciki, ɗigon ruwa ƙanana sun jeru a jikinta, ɓawon da ke manne da ita ya jiƙe. Daga wannan wurin da ya jiƙe fumfuna ke fara tsirowa. Don haka matakin farko na ajiya shi ne haƙuri: a ɗora burodi a kan raga ko wani abin da iska ke ratsawa ta ƙasa, a bar shi ya huce sarai, abin da kan ɗauki sa'a biyu ko fiye ga babban burodi, kafin a naɗe.

Akwai wata cuta da ba a cika maganarta ba, alhali ta fi shafar ƙasashe masu zafi. Bakteriyar Bacillus subtilis da danginta suna zuwa ne a cikin fulawa tun daga gona, kuma irinsu yana jure wuta, domin tsakiyar burodi ba ta wuce digiri 100 komai zafin tanderu. Idan burodi ya zauna a wuri mai ɗumi da laima, cikin kwana ɗaya ko biyu sai su farfaɗo. Da farko wani wari ake ji mai zaƙi-zaƙi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka zarce. Daga baya tsakiyar ta yi ruwan ƙasa tana danƙo, in aka gutsuro aka ja sai a ga zare-zare na yauƙi suna miƙewa. Burodin da ya kai haka ya tashi daga abinci. Tsami ne ke hana wannan bakteriya sakat, shi ya sa cokalin shayi ɗaya ko biyu na ruwan khal a rabin kilo na fulawa ke taimakawa, kuma ba a jin ɗanɗanonsa bayan gashi. Burodin da aka tayar da tsohon kwaɓi mai tsami ma ya fi na yis zalla daɗewa, saboda wannan dalilin.

A nan ne matsalar ta fito fili. Leda tana riƙe danshi, burodi ya daɗe da taushi, amma tana gayyato fumfuna. Takarda ko tsumma suna barin iska ta ratsa, fumfuna ta yi jinkiri, amma burodin ya bushe. Dole a zaɓi wanda za a fi tsoro.

Firij, firiza da halin wutarmu

Mutane da yawa suna ganin firij ne mafita, tunda yana kare miya da madara. Ga burodi kuwa, sanyin firij, wato digiri 4 ko kusa da haka, shi ne daidai inda sitaci ya fi saurin curewa. Kwana ɗaya a firij yakan taurara burodi kamar kwanaki da dama a ɗaki mai ɗumi. Littattafan girki na Turai kan ce kada a kuskura a sa burodi a firij, kuma a wurinsu gaskiya ne, domin ɗakunansu ba su da zafi. A ganina bai kamata mu ɗauki wannan hukunci yadda yake ba. A tsakiyar Agusta, lokacin da bango ke tsatsafo kuma tufafi ke ƙin bushewa, firij na hana fumfuna da yauƙi. Tauri yana da magani, a ɗumama. Fumfuna ba ta da shi. Idan zaɓin ya tsaya tsakanin biyun, gara tauri.

Firiza ce ta fi duka. A digiri 18 ƙasa da sifili ruwan burodi ya daskare, sitaci ba ya motsi, fumfuna ba ta girma, burodi na iya yin wata biyu ko uku. Sharaɗin shi ne a sa shi ranar da aka gasa bayan ya huce, a yanka shi tun kafin a sa, a matse iskar ledar, domin a riƙa ciro iya abin da za a ci. Firiza ba ta gyara burodin da ya riga ya kwana uku, yadda aka ba ta haka za ta mayar.

Sai dai firiza da wuta take aiki, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Duk lokacin da burodi ya narke ya sake daskarewa, sai ya ratsa wannan sanyi na tsaka-tsaki mai taurarawa sau biyu, ga ruwan da ke taruwa a cikin ledar. Firizar da ta cika maƙil kuma ba a yawan buɗe ta takan riƙe sanyi kwana ɗaya zuwa biyu bayan ɗauke wuta, don haka wurin burodi shi ne can ƙasa, tsakanin kayan da suka daskare. Gidan da wuta ke yi masa kwana uku ba ta leƙo ba, kada ya dogara da firiza. Gasa kaɗan-kaɗan, na kwana biyu, ya fi masa.

Wanda ba shi da firij ko firiza, sai ya bi yanayi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take ƙwarai, har yankan burodin da aka bari a faranti yakan ƙeƙashe kafin a gama shan shayi. A wannan lokaci leda ko roba mai murfi abokiyar tafiya ce. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, iskar waje a bushe take amma cikin leda ɗumi ne da gumi, wanda shi yauƙi ke so. A nemi wuri mafi sanyi a gidan, nesa da murhu da taga, kuma kada a wuce kwana biyu. Da damina kuwa a naɗe shi da tsumma mai tsabta wanda ya bushe sosai, ko takarda, a bar masa hanyar iska. Hausawan Kumasi da Akara da Legas, inda laima ba ta ɗaukewa, dokar damina ce tasu kusan duk shekara. A kowane lokaci, burodin da ba zai shiga firiza ba kada a yanka shi gaba ɗaya. A yanki na ci, a kifa wurin yankan a kan faranti, domin ɓawon shi ne marufinsa na asali.

Ajiya daga kwaɓi take farawa

Mai da bota da madara da ƙwai da sukari duk suna rage saurin curewar sitaci, shi ya sa burodi mai maiƙo ya fi na ruwa da gishiri jimawa. Akwai kuma dabarar da masu gashi a Japan da Taiwan suka shahara da ita, wadda ba za ta yi wa mai tuƙa tuwo wuya ba: a ɗebi kaɗan daga fulawar, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a dama da ruwa ninki biyar na nauyinta, a yi talge da ita a wuta kaɗan har ta yi kauri, a bari ta huce, sannan a haɗa da sauran kwaɓin. Sitacin da ya riga ya dahu yana riƙe ruwa fiye da ɗanye, burodin kuma yakan ƙara kwana ɗaya ko biyu da laushi. Amma a tuna, ƙarin danshi ne, kuma da damina fumfuna ma tana maraba da shi.

Idan tauri ya riga ya zo, a shafa wa burodin ruwa kaɗan a mayar da shi wuta na minti biyar zuwa goma, ko a gasa yankan a busasshen kasko. A ɗumama iya wanda za a ci nan take, domin wanda aka ɗumama ya sake hucewa ya fi na farko tauri. Wanda ya wuce haka ma bai zama shara ba. A Sudan da Masar da shi ake yin fatta, a gutsuttsura a jiƙa da romo. Ana iya tsoma shi a ƙwai da madara a soya, ko a busar da shi ƙayau a daka a ajiye garin don suya. Burodin da aka busar sarai yakan yi makonni, domin fumfuna ba ta girma inda babu ruwa, hikimar da ke cikin kilishi da busasshiyar kuɓewa ke nan.

Fumfuna kuwa hukuncinta daban ne, kuma a nan nake roƙon iyayenmu mata. An tarbiyyantar da mu da ƙin almubazzaranci, hannu ba ya son zubar da abinci, shi ya sa ake yanke wurin da ya yi kore a ba yara sauran da shayi. Abin da ido ke gani kan fumfunar ne kawai. Saiwoyinta sun riga sun ratsa cikin tsokar, wadda duk ramuka ce, kuma wasu nau'o'inta suna fitar da guba wadda zafin kasko ba ya kashewa. Ma'aikatar Noma ta Amurka ma shawararta ita ce a zubar da burodin gaba ɗaya. Uwargida, in kin ga tabo ko da ɗaya ne, ko kin ji wannan wari mai zaƙi-zaƙi, kada ki shinshina shi kusa da hanci, kada ki ba yaro, kada ki ba kaji. Ki ƙulle shi a leda ki zubar, ki wanke mazubin da ruwan zafi da sabulu, ki shanya shi a rana kafin ki sa wani.