Daga Ramin Dara Zuwa Sojojin Dalma

Duk wanda ya taɓa yada zango da rani a Garhanga, ko a wani daga cikin garuruwan Adar da ke maƙale tsakanin duwatsu da fadamu a jihar Tawa, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya sakar wa mutane mara, lalle ya ga dattawa sun yi da'ira a gindin bishiya bayan sallar la'asar, biyu na tsugune suna fuskantar juna, saura kuwa na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. A gabansu ramuka talatin ne da aka tona da yatsa cikin rairayi, layi biyar, kowane layi rami shida. Wannan na riƙe da tsakuwa goma sha biyu, wancan na riƙe da guntayen kara goma sha biyu, in kara ya yi wuya a tsinto busasshen kashin raƙumi. Sai an gama dasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya sa'an nan a shiga turawa, wanda ya jera uku a layi ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa, a ce ya ci. Dara ke nan, wadda waɗansu ke kira doki.

Can gefe kuwa, inda ba mai kula da su, yara ne suka ɗebo laka daga bakin tabki suka gina dawaki da raƙuma, suka ɗora musu mahaya, suka soka wa kowane mahayi ƙayar aduwa a hannu ta zama mashi, suka jera su sahu biyu, suna jifa da tsakuwa suna gardamar wane ne ya mutu. Dattawan nan suna da ƙa'ida cikakkiya wadda ba mai iya karya ta a gaban jama'a, amma tsakuwarsu ba ta yi kama da kowa ba. Yaran suna da runduna mai kai da ƙafa, sai dai ba su da hukuncin da zai raba gardama, shi ya sa yaƙinsu yakan ƙare da kokawa ta gaske. To, tarihin wasan da Turawa ke yi da ƙananan sojoji a kan tebur, in an bi shi daga tushe, labari ne na yadda aka ɗaura wa waɗannan abubuwa biyu aure, kuma sai da aka shafe shekara fiye da ɗari ana kai gwauro ana kai mari kafin a shafa fatiha.

Asalin kwatanta yaƙi a kan allo ya girmi Turai. A ƙasar Hindu, wajen ƙarni na 6 na Miladiyya, aka san wasan da ya ƙunshi sassa huɗu na rundunar wancan zamani, wato giwaye da dawaki da karusai da dakaru. Daga can ya shiga Farisa, daga Farisa ya faɗa hannun Larabawa da sunan shaɗaranji, har ya zama abin alfahari a fadar Abbasiyawa a Bagadaza, inda Abubakar as-Suli ya yi suna a ƙarni na 10 da gwanintar da aka daɗe ana buga misali da ita. Fuƙaha'u ba su yi shiru a kan mas'alar ba. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a santa ba, ya san cewa a can wajen ƙarshenta an hana wasa da nardu da shaɗaranji, ko da yake an yarda a yi wa masu yinsa sallama. Saboda ƙyamar sura kuma, masu sassaƙa na ƙasashen Musulmi suka riƙa daddatse 'ya'yan wasan har doki ya koma ɗan gungume mai ƙusumbi guda, giwa ta koma mai ƙusumbi biyu. Duk da hanin, wasan ya ratso Sahara: a Barno an same shi da sunan tsatsarandi, Turawan mulki suka rubuta bayaninsa a 1939, aka ga 'ya'yansa na ɗauke da sarautun ƙasar, akwai mai, akwai ciroma, akwai kaigama.

Aibin shaɗaranji a idon soja shi ne filinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba kogi, ba tudu, ba yunwa, kuma kowa na ganin duk abin da abokin gabansa ke yi. Wanda ya fara ƙoƙarin gyara wannan da gaske shi ne wani malamin lissafi Bajamushe, Johann Hellwig, mai tarbiyyar 'ya'yan manya a fadar Braunschweig, wanda a 1780 ya faɗaɗa allon ya kai gida 1,617, ya shafa wa gidajen launi iri-iri don a san ina ne dutse, ina ne ruwa, ina ne gari, ya kuma shigo da igwa da dakaru da barade cikin wasan. Wani mai suna Georg Venturini ya biyo shi kafin ƙarnin ya ƙare da allo mai gida 3,600. Dukansu dai ba su rabu da gidan dara ba, ƙara yawansa kawai suka yi, alhali kuwa kogi ba ya gudu a kan murabba'i.

A Furushiya aka fasa gidajen, kuma ba mamaki a can ne, domin ƙasa ce da Napoleon ya wulaƙanta a yaƙin Jena a 1806, masu mulkinta suka zauna suna binciken inda suka yi kuskure. Wani ma'aikacin gwamnati, Georg Leopold von Reisswitz, ya watsar da allo ya ɗauko akwatin rairayi, yana tara shi ya zama tudu, yana jan yatsa ya zama kwari, yana auna tafiyar runduna da ma'auni. A nan nakan yi murmushi, domin rairayin da dattawan Garhanga ba su taɓa rabuwa da shi ba, shi ne babbar bidi'ar da ta kai mutumin nan gaban 'ya'yan sarki a 1811. Sai dai da aka ce Sarki Friedrich Wilhelm na Uku yana son ya gani, sai kunya ta kama shi, ya ga bai kamata a kai wa sarki ƙasa a cikin akwati ba, ya ɓace shekara guda, ya dawo a 1812 da wani tebur mai aljihuna cike da ƙananan faranti da aka ƙera da siffar tuddai da koguna da ƙauyuka, waɗanda ake harhaɗawa yadda ake so. Sarki ya ƙwallafa rai a kansa, amma abu ne mai tsada, ya tsaya a fada.

Ɗansa, Georg Heinrich von Reisswitz, laftanar ne a rundunar igwa, shi ne ya mai da abin wasan fada ya zama ilmi. A 1824 ya fito da tsari a kan taswira ta ainihi, wadda taku guda a kanta ke daidai da taku 8,000 a ƙasa. Rundunoni 'yan guntayen dalma ne, na wannan ɓangare ja, na wancan shuɗi, kowane zagaye na wasa yana matsayin minti biyu na yaƙi, sa'a da rashin sa'a kuwa aka bar wa ɗan dutsen nan mai fuska shida irin na lido, tare da jadawalin da ke faɗin mutum nawa harbi ke kayarwa daga nisa kaza. Amma hikimarsa mafi girma ita ce alƙali. Masu wasa ba sa magana da juna, kowa rubuta umarninsa yake yi ya miƙa wa alƙali, shi ke motsa guntayen, shi ke sanar da kowane kwamanda iyakar abin da 'yan leƙen asirinsa za su iya gani daga inda suke, saura kuwa ya bar shi cikin duhu. Ta haka jahilcin abin da ke bayan tudu, wanda shi ne rabin wahalar yaƙi, ya shigo cikin wasa. Da aka gwada wa Janar von Müffling, shugaban manyan hafsoshi, wanda ya zo yana yatsina fuska, sai ya shaida cewa wannan ya wuce wasa, horon yaƙi ne, aka ba da umarni kowace runduna ta mallaki nata. Shi kuwa saurayin bai ci moriyar abin ba: hassadar abokan aiki ta sa aka tura shi Torgau, nesa da Balin, ya kashe kansa a 1827.

Sauran Turai ba su damu sosai ba sai da Furushiya ta murƙushe Faransa a 1870 da 1871, a ƙarƙashin Helmuth von Moltke, wanda tun yana ƙaramin hafsa yake ma'abocin wannan wasa. Ko wasan ne ya ci yaƙin, ko jirgin ƙasa da igwar Krupp da kyakkyawan tadbiri, wannan mas'ala ce mai saɓani, ni kuwa na fi karkata ga na biyun. Amma wanda aka kayar ba ya tsayawa tantancewa, duk abin da ya gani a hannun wanda ya kayar da shi sai ya kwaikwaya. Waɗanda suka kalli yaƙin daga nesa ma haka suka yi: Ingila ta fitar da nata tsarin a 1872, saura suka bi.

Har zuwa nan fa babu ɗan soja ko ɗaya mai fuska a kan teburin, guntaye ne kurum, ba su fi tsakuwar dara kama da mutum ba. Sojoji masu sura ta wata hanya suka fito, hanyar maƙera da 'yan koli. A Nuremberg, tun wajen 1775, gidan Hilpert ke zuba narkakkiyar kuza cikin mazubin dutse suna fitar da sojoji falle-falle kamar ganye, gidan Heinrichsen ya biyo baya daga 1839 ya daidaita tsawonsu a kan milimita 30. Kayan wasan 'ya'yan masu hali ne, ana jera su a yi kallo. Abin da ya karya farashinsu dabara ce ta William Britain a Landan a 1893: a zuba dalma a mazubi, a juya shi nan da nan a tsiyaye ta ciki tun ba ta daskare ba, sai soja ya fito da ɓawo kawai, cikinsa fanko, ga sauƙin nauyi ga arha. Tsawonsa milimita 54. Cikin 'yan shekaru akwatunan Britain suka cika gidajen Ingila da kowace irin runduna, har da mayaƙan Zulu da mahaya raƙuma na Masar, a daidai zamanin da sojojin gaske na wannan daula ke shiga Kano da Sakkwato a 1903, Faransawa kuma suka riga suka kafa bariki a Tawa.

Manya ne suka ƙwace wa yara kayan wasansu. Marubucin nan Robert Louis Stevenson, sa'ad da ciwon ƙirji ya zaunar da shi a Davos ta ƙasar Suwizalan a farkon shekarun 1880, ya zana taswira da alli a daɓen ɗakin sama, shi da agolansa Lloyd Osbourne suka riƙa yaƙi na makonni da sojojin dalma, har yana rubuta labaran fagen fama kamar na jarida, yana zagin janar-janar ɗin abokin wasansa. Ba a san wannan ba sai 1898, bayan rasuwarsa, da Osbourne ya bayyana shi a wata mujalla.

Wanda ya rubuta ƙa'ida ya buga ta don kowa shi ne H. G. Wells, a littafinsa Little Wars na 1913. Mafarin abin, kamar yadda ya ba da labari, wata rana ce a gidansa na Sandgate da abokinsa marubuci Jerome K. Jerome ya ga 'yar igwar wasa mai sifirin, wadda ke harba ɗan guntun katako, ya zauna ya auna sojojin da yara suka bari a jere ya shiga kayar da su. Daga nan dattawa masu gemu suka durƙusa a ƙasa. Aka gina gidaje da tubalan katako, aka sa labule a tsakiya don kowa ya jera mutanensa a ɓoye, aka yanka igiya biyu, mai ƙafa ɗaya don tafiyar dakare, mai ƙafa biyu don ta barde. Igwa ba ta aiki sai da mutum huɗu a kusa da ita, kuma harbi huɗu ne iyakarta a zagaye guda. In runduna biyu suka gwabza da yawa daidai, kowa ya kashe ɗaya, in kuwa kaɗan ne aka rutsa nesa da 'yan'uwansu sai a kama su bayi. Aka kuma sa agogo, don kada mai dogon tunani ya kwana yana tunani. Alƙali da jadawalin lissafi na Jamusawa Wells bai so su ba, a ganinsa wanda harsashin katako ya kayar ya faɗi, magana ta ƙare.

Wells mutum ne mai ƙin yaƙi, ya kuma rufe littafin da fatan a tara masu son yaƙi na Turai a ɗaki guda a ba su sojojin dalma su huce a kansu, yana cewa wanda ya buga wasan sau uku ko huɗu zai gane irin shirmen da babban yaƙi zai zama. Shekara guda bayan haka, a 1914, aka shiga Yaƙin Duniya na Farko, yaran da suka yi wasa da akwatunan Britain suka tafi ramukan Faransa, tare da dubban 'yan Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba. Wasan ya yi sanyi, bai farfaɗo sosai ba sai da Jack Scruby ya fara mujallarsa a Amurka a 1957, Donald Featherstone kuma ya fitar da littafinsa a Ingila a 1962. A 1966 gidan Britain ya daina zuba sojojin dalma masu fankon ciki, roba ta gaje su.

Jikokin waɗannan na roba ne, korraye, 'yan Sin, ake kawowa cikin leda kasuwannin Adar gab da Salla. Na ga wani yaro a Garhanga ya sami guda biyar, ya jera su a bayan katangar tsakuwa, abokinsa ya fuskance shi da barade bakwai na laka, ɗaya ma ƙafar dokinsa ta karye an tokare shi da tsinke. Mai roba ya ce bindiga gare shi, don haka duk ya kashe su tun daga nesa. Mai laka ya ce ƙarya ne, nasa sanye suke da lifidi, kuma da laya. Wani tsoho daga cikin masu kallon dara ya waiwayo ya ce, “Kai, 'yan nema, ku yi mana shiru,” sa'an nan ya mai da kansa ga ramuka, inda mai kara ya riga ya jera uku yana miƙa hannu zai ɗauki tsakuwa.