Surame, birnin Kanta: dokar 1964 kaɗai ba za ta tsare shi ba

A yammacin Sakkwato, wajen Binji da Silame, akwai kufan wani birni da ya taɓa sa manyan daulolin Sudan rawar jiki. Sunansa Surame. Sarkin Kabi Muhammadu Kanta ne ya kafa shi a ƙarni na 16, bayan ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai kan rabon ganimar yaƙin Agadas, wajen shekarar 1516. Tarihin Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya kawo labarin wannan tawaye, da yadda rundunar Songhai ta kasa tanƙwara Kanta. Yawancin biranen Hausa da jar ƙasa aka yi ganuwarsu, amma a Surame dutse aka jera kan dutse, shi ya sa har yau sawun katangar na nan cikin daji, alhali Kabawa sun tashi daga birnin tun farkon ƙarni na 18, suka koma Birnin Kabi.

A 1964 gwamnatin tarayya ta ayyana Surame cikin wuraren tarihi da doka ta kare, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO. Sukur ta Adamawa ta shiga kundin tun 1999, kurmin Osun ya bi a 2005, Surame kuwa har yanzu yana jira. Ni a ganina, ba takardar gwamnati ce ta raya wannan kufai ba, nisansa da gari ne. Hujjata ita ce ganuwar Kano. Ita ma doka ta kare ta, tana tsakiyar birni, kowa na ganinta, amma an sassare ta an gina gidaje da shaguna a kai. Idan doka ba ta hana ɓarna a gaban idon hukuma ba, yaya za ta hana ta a dajin da ma'aikaci ba ya zuwa? Shi kuwa nisa ba kariya ce mai ɗorewa ba. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na faɗaɗa, kuma mai neman dutsen aza harsashin ɗakinsa ba zai ga laifin ɗaukar wanda ya tarar a jere ba, muddin ba wanda ya taɓa gaya masa wa ya jera shi.

Za a ce mutanen da 'yan bindiga suka hana noma ba su da lokacin zancen kango. Wannan magana ce mai nauyi, kuma rai ya fi dutse. Sai dai abin da Surame ke buƙata bai kai kuɗin gina aji biyu ba: a shata iyakarsa, a kafa alamu, a ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a danƙa amanar a hannun hakimai da dagatai waɗanda maganarsu ke shiga kunnen manomi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ba za ta iya gadin kowane kufai daga Abuja ba.

Wasu kuma za su ce birni ne na kafin jihadi, bai cancanci a damu da shi ba. Su tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yaƙi Kabawa da kansa, shi ne ya rubuta labarin Kanta da girman ginin Surame a Infaƙul Maisuri. Abin da Bello ya ga ya isa a adana a littafi, ba mu da dalilin barinsa ya rushe a ƙasa.

Ina roƙon masarautun Sakkwato da Argungu, da shugabannin ƙananan hukumomin Binji da Silame, su zauna kan wannan al'amari tun duwatsun na wurinsu. Malaman makarantun yankin kuma su koya wa yara sunan Kanta da inda birninsa yake.