Launin Fata da Ƙuri'ar Shugaban Ƙasa a Amurka: Daga Fuskar Ɗan Takara zuwa Tutar Jam'iyya

Tun bayan zaɓen shekarar 2008, wanda ya kai Barack Obama fadar shugaban Amurka da wakilan zaɓe 365 daga cikin 538, masu nazarin siyasa suke ta kai-kawo a kan tambaya guda: shin launin fata yana da sauran tasiri a kan wanda Ba'amurke yake zaɓa ya shugabance shi, ko kuwa nasarar baƙar fata har sau biyu ta rufe wannan babi? Kuskuren da ake yawan yi wajen amsawa shi ne taƙaita batun ga fuskar ɗan takara, kamar dai ƙyama ba ta aiki sai ranar da farar fata ya ƙi jefa wa baƙar fata ƙuri'a. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne cewa ƙyamar launin fata, wato hukuncin da ake yanke wa mutum tun kafin a san shi saboda jinsin da ya fito, ta fi yin tasiri ta hanyoyi biyu da ba su buƙatar baƙar fata ya tsaya takara ko kaɗan: tantance wanda zai iya kaiwa ga akwatin zaɓe, da kuma yadda mai zaɓe yake bambance jam'iyyar da yake ganin tasa ce da wadda yake ganin ta waɗancan ce.

Hanya ta farko ta girmi jam'iyyun da ake da su a yau. Amurkawa ba sa zaɓen shugaba kai tsaye, wakilan zaɓe suke zaɓa, kuma kowace jiha tana samun wakilai daidai da yawan kujerunta a majalisun tarayya biyu. Kundin tsarin mulki na 1787 ya ƙidaya kowane bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen raba kujerun majalisar wakilai, saboda haka jihohin kudu suka sami ƙarin wakilan zaɓe a kan bayin da ba su da ƙuri'a. Gyara na 15 da aka yi wa kundin a 1870 ya haramta hana mutum zaɓe saboda launinsa, amma ba a yi shekara talatin ba jihohin kudu suka ɓullo da harajin jefa ƙuri'a, da jarrabawar iya karatu wadda jami'in rajista ne kaɗai yake yanke hukuncin wanda ya ci, ga kuma barazanar kisa a kan duk wanda ya nace. A Luwiziyana, baƙaƙen fatar da suke da rajista sun haura 130,000 a 1896, amma zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Abin takaicin shi ne a wannan zamani ana ƙidaya baƙar fata cikakken mutum wajen raba kujeru, don haka nauyin ƙuri'ar farar fatar kudu a zaɓen shugaban ƙasa ya ƙaru a kan na zamanin bauta. Wannan hali ya ɗore har zuwa 1965, lokacin da dukan da 'yan sanda suka yi wa masu zanga-zangar lumana a garin Selma na jihar Alabama ya tilasta wa majalisa zartar da Dokar 'Yancin Zaɓe. A Misisipi, rajistar baƙaƙen fata ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin ɗari a 1964 zuwa kusan kashi 60 a 1967.

Buɗe wannan ƙofa shi ya haifi hanya ta biyu. Kudu ta shafe kusan ƙarni guda tana zaɓen jam'iyyar Dimokurat, domin ita ce jam'iyyar da ta kare wariya a yankin, alhali Rifablikan ita ce jam'iyyar Abraham Lincoln. Ɓaraka ta fara bayyana a 1948, sa'ad da Strom Thurmond ya ɓalle daga Dimokurat saboda batun 'yancin baƙaƙen fata, ya kuma ci jihohi huɗu. A 1964, shekarar da Shugaba Lyndon Johnson ɗan Dimokurat ya sa hannu a Dokar 'Yancin Ɗan Ƙasa, ɗan takarar Rifablikan Barry Goldwater, wanda ya jefa ƙuri'ar ƙin dokar a majalisar dattawa, ya sha kaye a ko'ina sai jiharsa ta Arizona da jihohi biyar na can cikin kudu, inda a Misisipi ya sami kashi 87 cikin ɗari. Shekara huɗu bayan haka George Wallace, wanda ya yi suna da kare wariya yana gwamnan Alabama, ya ci jihohi biyar da wakilan zaɓe 46. Dukan waɗannan 'yan takara fararen fata ne, duk da haka babu mai musun cewa launin fata ne ya sake zana taswirar zaɓen. Tun daga 1964 babu ɗan takarar Dimokurat da ya sake samun fiye da rabin ƙuri'un fararen fata, kuma a 2005 shugaban jam'iyyar Rifablikan na ƙasa, Ken Mehlman, ya amsa a gaban taron NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, cewa wasu a jam'iyyarsa sun nemi cin moriyar rarrabuwar launin fata, kuma hakan kuskure ne.

Da furta wariya a fili ta zama abin kunya, sai saƙon ya koma habaici. Misalin da aka fi nazari shi ne na zaɓen 1988, inda wata ƙungiya mai goyon bayan ɗan takarar Rifablikan George H. W. Bush ta yaɗa tallar talabijin ɗauke da hoton Willie Horton, baƙar fatar da aka ɗaure saboda kisan kai, wanda ya tsere lokacin da aka ba shi hutun ƙarshen mako daga kurkuku a jihar da abokin takarar Bush, Michael Dukakis, yake gwamna, ya kuma yi wa wata mata fyaɗe. Tallar ba ta ambaci launi ba, maganar aikata laifi kawai ta yi. Tali Mendelberg ta nuna a littafinta na 2001 cewa irin wannan saƙo yana tasiri ne muddin mai kallo bai farga cewa launin fata ake nufi ba, kuma ƙarfinsa ya ragu bayan ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata Jesse Jackson ya fito ya kira shi da sunansa.

Wannan sauyi ya jefa masu bincike cikin wahalar awo. A 1958, da cibiyar Gallup ta tambayi Amurkawa ko za su zaɓi baƙar fata da ya cancanta idan jam'iyyarsu ta tsayar da shi, waɗanda suka amsa da e ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Kafin ƙarshen ƙarnin sun haura kashi 90. Ci gaban na gaske ne, amma abin da baki yake faɗa wa mai tambaya ba lallai ne ya dace da abin da hannu yake yi a asirce ba, kamar yadda aka yi zargi a 1982 lokacin da Tom Bradley, baƙar fata magajin garin Los Angeles, ya faɗi zaɓen gwamnan Kalifoniya bayan ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna shi ne a gaba. Saboda haka Donald Kinder da abokan aikinsa suka tsara wani ma'auni da ake kira jin haushin launin fata, wanda yake tambayar mutum ko yana ganin koma-bayan baƙaƙen fata ya samo asali daga bauta da wariya, ko kuwa daga rashin ƙoƙarinsu. Paul Sniderman ya soki ma'aunin da cewa yana cakuɗa ƙyama da aƙidar 'yan mazan jiya, wadda take ƙin tallafin gwamnati ga kowa ba tare da duba launi ba. Sukar tana da nauyi, kuma duk wanda ya yi watsi da ita zai ɗora wa mutane da yawa laifin da ba nasu ba. Sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa ƙarfin ma'aunin wajen hasashen ƙuri'a ya yi tsalle a 2008, alhali manufofin Obama ba su yi nisa da na John Kerry, ɗan takarar Dimokurat a 2004, ba.

Alƙaluman bakin rumfar zaɓe, wato amsoshin da masu zaɓe suke bayarwa da zarar sun fito, sun nuna Obama ya sami kashi 43 na ƙuri'un fararen fata a 2008, Kerry kuwa kashi 41. A ƙasa baki ɗaya ke nan. A Alabama kusan kashi 10 kawai na fararen fata suka zaɓi Obama, a Luwiziyana kashi 14, duka ƙasa da abin da Kerry ya samu, a shekarar da tattalin arziki ya durƙushe a hannun gwamnatin Rifablikan kuma yawancin sassan ƙasar suka karkata ga Dimokurat. Seth Stephens-Davidowitz, wanda ya auna yawan neman kalaman ɓatanci ga baƙaƙen fata a Google daga yanki zuwa yanki, ya ƙiyasta cewa ƙyama ta rage wa Obama kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa. Michael Tesler kuma ya gano cewa a zamanin mulkin Obama, ra'ayin fararen fata a kan batutuwan da a da ba su da alaƙa sosai da launi, kamar inshorar lafiya, ya soma bin sawun ra'ayinsu a kan baƙaƙen fata.

Akwai masu cewa kashi 95 da baƙaƙen fata suka ba Obama shi ma son kai ne na launi. Tarihin ƙuri'arsu bai goyi bayan wannan ba, domin sun ba Kerry, farar fata, kashi 88, kuma a 2006 mafi yawansu a jihar Maryland sun zaɓi Ben Cardin, farar fata ɗan Dimokurat, suka bar Michael Steele, baƙar fata ɗan Rifablikan, a takarar sanata. A ɗaya ɓangaren, ƙuri'un fararen fata ne suka tabbatar wa Tim Scott, baƙar fata ɗan Rifablikan, kujerarsa a majalisar dattawa daga Karolina ta Kudu. Michael Dawson ya bayyana halin baƙaƙen fata a 1994 da cewa tarihi ya koya musu ɗaukar makomarsu a haɗe, ta yadda mai kuɗi da matalauci a cikinsu suke auna ɗan takara da abin da zai yi wa jinsin gaba ɗaya. Kowane ɓangare dai tuta yake dubawa kafin fuska.

Zaɓen 2016 ya ƙarfafa wannan fahimta, domin 'yan takarar biyu fararen fata ne, amma binciken John Sides da Tesler da Lynn Vavreck ya nuna ra'ayi a kan launi da baƙin haure ya fi halin aljihu hasashen waɗanda suka bar Obama suka koma ga Donald Trump, mutumin da ya shafe shekaru yana jefa shakku a kan cewa a Amurka aka haifi Obama. Zaɓen 2024, inda Trump ya kayar da Kamala Harris da wakilai 312 ga 226, ya zo da gargaɗi ga masu son bayyana komai da launi, tun da kusan kashi 46 na 'yan asalin Latin Amurka sun zaɓe shi, kuma tsadar rayuwa ta taka rawa babba.

Tsarin wakilan zaɓe yana ninka tasirin duk wannan, domin a jihohi 48 wanda ya zo na ɗaya shi yake kwashe wakilan jiha duka. Baƙaƙen fata sun haura kashi ɗaya bisa uku na mutanen Misisipi, amma tun bayan 1976 jihar ba ta sake ba Dimokurat wakili ko ɗaya ba. Kuma Amurka ba ta da tanadi irin na kundin Nijeriya, wanda ya wajabta wa ɗan takara samun rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Ita ma hanya ta farko ba ta toshe ba. A Yunin 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin da Dokar 'Yancin Zaɓe take amfani da shi wajen tilasta wa yankunan da suke da tarihin wariya neman izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓensu. Cikin makonni kaɗan Karolina ta Arewa, wadda Obama ya ci a 2008 da ratar ƙuri'u kusan 14,000, ta zartar da dokar da ta wajabta nuna katin shaida mai hoto, ta rage kwanakin zaɓen wuri daga 17 zuwa 10, ta kuma soke yin rajista da jefa ƙuri'a a rana ɗaya. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe waɗannan tanade-tanade, bayan ta gano cewa 'yan majalisar jihar sun nemi alƙaluman yadda kowane jinsi yake amfani da hanyoyin zaɓe, sannan suka taƙaita waɗanda baƙaƙen fata suka fi amfani da su.