Mutum-mutumi da Gashin Hannun Yara Masu Galahanga

Gabatarwa

Galahanga, kamar yadda muke nufi a nan, lalura ce da ke samuwa idan ƙwaƙwalwar yaro ta samu rauni tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon ƙuruciya. Raunin ba ya ƙaruwa, amma yakan hana gaɓoɓi bin umarnin ƙwaƙwalwa. Likitan Ingila, William Little, ya yi bayaninta a 1861, kuma ana ƙiyasin tana samun yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000. A ƙasarmu, doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna cikin manyan musabbabanta. Saboda haka wannan yaro ba ɗan ruwa ba ne, ba kuma musayar aljanu ba ne.

Matsalar Hannu

Sau da yawa akan ga yatsu a dunƙule, babban yatsa ya shige tafin hannu, wuyan hannu ya lanƙwashe. Cin tuwo, riƙon alƙalami da ɓalla maɓallin riga sai su gagara. Idan aka bar hannun ba motsi, jijiyoyi sukan ƙage.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Ƙwaƙwalwar yaro tana koyo ne ta hanyar maimaici, kuma a nan amfanin mutum-mutumi yake, domin ba ya gajiya. Akan ɗaura hannun yaro a jikin na'urar, ya dubi wasa a fuskar kwamfuta, ya yi ƙoƙarin kai hannu ga abin da aka nuna masa. Idan ya kasa sai na'urar ta tallafa, idan ya ƙara ƙarfi sai ta rage tallafin, tana kuma auna ci gabansa.

An fara ƙera MIT-Manus a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka a 1989, domin manya masu shanyewar ɓarin jiki. A 2008 aka wallafa gwajin irin wannan na'ura kan yara 12, inda kowanne yake motsa hannu sau 640 a zama guda, aka kuma ga ci gaba. Har ila yau akwai Amadeo ta ƙasar Ostiriya mai riƙe yatsu da maganaɗisu, da Gloreha ta Italiya mai siffar safar hannu.

Iyakar Amfaninta

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: na'urar ba ta warkar da galahanga, kuma ba ta maye gurbin likitan gashi. Ga tsada, ga buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki. Hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu su ne rufe lafiyayyen hannu na wasu sa'o'i domin a tilasta mai raunin yin aiki, horar da hannu biyu tare, da atisayen gida bisa tsarin ƙwararre.

Ina Za A Nufa?

Iyaye a Ƙofar Sauri da sauran unguwannin birnin Katsina suna iya neman sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A Kano kuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala. Muna jan hankalin iyaye da su gaggauta zuwa idan jariri ya wuce wata 4 hannunsa na dunƙule, ko ya fifita hannu ɗaya kafin ya cika shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada a jira zuwan na'ura: cokali, murfin kwalba da ƙwallon tsumma sun isa fara aiki, muddin ƙwararre ya nuna yadda za a yi, aka kuma lizimci yi kullum.