Yawon Shaƙatawa A Teku: Daga Jirgin Sarki Charles Zuwa Guguwar Fastnet

Gabatarwa

Idan aka ambaci jirgin ruwa, abin da yakan fara zo mana a rai shi ne sana'a, wato su, ko fito, ko fatauci, ko kuwa yaƙi. To amma akwai wasu mutanen da sukan shiga teku ba don neman kifi ko riba ba, sai don sha'awa kurum. Sukan kwana a cikin ƙaramin jirgi mai filafilai, wato manyan zannuwan nan da iska ke bugawa ta tura jirgi, su yi girki a ciki, su bi gaɓa daga wannan tasha zuwa waccan, sa'an nan su koma bakin aikinsu. A wannan maƙala za mu bi tarihin wannan al'ada a gaɓar Ingila da Ailan, mu ga yadda ta sauko daga hannun sarakuna zuwa hannun masu ƙaramin ƙarfi, da yadda saukowar tata ta rataya a kan abu guda: sanin abin da iska za ta yi gobe.

Wasan Sarakuna

Mutanen Holan ne suka fara ƙera ƙananan jirage masu sauri don farautar 'yan fashin teku, daga baya attajiransu suka mai da su abin hawa na nishaɗi. Sarki Charles na Biyu ya ga irin waɗannan jirage sa'ad da yake gudun hijira a can, kuma da ya koma gadon sarautar Ingila a 1660, sai mutanen Holan suka ba shi kyautar wani mai suna Mary. A 1661 ya yi tsere da ƙanensa James a kan Kogin Thames, daga Greenwich zuwa Gravesend da dawowa, a kan fam 100. Sarki ya sha kaye a tafiya, ya rama a dawowa. Daga nan fa abin ya zama yayi a tsakanin masu mulki. A 1720 aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan jirage a tashar Cork ta ƙasar Ailan, a 1815 kuma aka kafa wata a Landan, wadda daga baya ta yi mazauni a garin Cowes, kuma ba a shigarta sai mutum yana da jirgin da bai gaza tan 10 ba.

Sai dai waɗannan manya ba su ne ke tuƙi ba. Suna da kyaftin da ma'aikata na haya, akasari 'ya'yan masunta, waɗanda suka gāji karatun gajimare da igiyar ruwa daga iyayensu. Mai jirgi yana zaune ana kawo masa abinci, ilmin teku kuwa yana kan bawansa na albashi.

Mutumin Da Ya Kama Tuƙi Da Kansa

Wanda ya fi kowa sauya wannan tsari shi ne Richard McMullen, wani dillalin hannun jari a Landan. A 1850 ya fara koyon tuƙi da kansa a wani ɗan jirgi mai suna Leo, wanda tsawonsa bai wuce mita 6 ba. Ya yi shekaru yana bin gaɓar kudancin Ingila, yana rubuta duk abin da ya gani, har a 1869 ya fitar da littafinsa Down Channel. A 1877 ya saɓa da ma'aikatansa biyu a tashar Cherbourg ta Faransa, ya sallame su, ya tuƙo jirginsa Orion mai tan 19 zuwa Ingila shi kaɗai. Babban darasin da ya bar wa na baya shi ne, idan guguwa ta taso, ƙaramin jirgi ya fi samun lafiya a tsakiyar ruwa inda yake da filin juyawa, a kan ya ruga neman tasha iska ta maka shi da duwatsun gaɓa. A watan Yuni na 1891 masuntan Faransa suka tsinci jirginsa Perseus yana tafe shi kaɗai, shi kuma yana zaune a wurin tuƙi, rai ya yi halinsa.

A 1880 wani lauya mai suna Arthur Underhill ya kafa ƙungiyar masu yawon teku, waɗanda ba tsere ne a gabansu ba. Abin lura shi ne, a wannan ƙungiya ana gwada gwanintar mutum da kundin tafiyarsa, ana buga mafi kyau a mujallarsu don na baya su san inda ruwa yake da zurfi da inda dutse yake ɓoye.

Zaman Cikin Jirgi

Bari mu leƙa cikin irin wannan jirgi. Ɗakin kwanansa bai kai zauren talaka ba, kuma a yawancinsu mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Gadon benci ne mai katanga a gefe don kada mai barci ya faɗo. Risho a rataye yake a kan ƙarfe mai lilo, yadda ko jirgi ya karkata tukunya tana nan daidai. Ruwan sha a ƙididdige yake, abinci kuwa nama ne mai gishiri da busasshen biskit da na gwangwani. Tufafi ba sa bushewa. Idan tafiya ta kai dare sai a raba tsaro, yawanci awa huɗu-huɗu, wani yana tuƙi wani yana barci da kayansa a jiki.

Ba kuma yadda mutum ya ga dama yake tashi ba. Teku takan ciko ta janye kusan sau biyu a yini, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da kimanin minti 25, saboda jan da wata yake yi mata. A mashigin Bristol bambancin cikowa da janyewa yakan haura mita 12, har tashar da aka shiga da safe ta zama fadamar laka da rana. Wanda ya makara ya rasa ruwan fita, sai ya jira na gaba. Bayan wannan kuma ga kundin jirgi, wanda ake cikawa a kan kari: lokaci, da alƙiblar da aka dosa, da inda iska ta fito da ƙarfinta, da abin da baromita ta nuna, wato ma'aunin nauyin iska. Idan allurarta ta yi ta sauka da sauri, matuƙi ya san lokacin rage filafilai ya yi, tun kafin ya ga hadari da idonsa.

Yadda Aka Yi Wa Iska Ma'auni

Matsalar kundi a da ita ce, abin da wani ya kira iska mai ƙarfi, wani sanyin safiya yake ce masa. A 1805 wani hafsan sojan ruwa mai suna Francis Beaufort ya tsara ma'auni, wanda ya zauna a kan matakai daga 0 zuwa 12, yana auna iska da yawan filafilan da jirgin yaƙi zai iya ɗauka a cikinta. Rundunar ruwan Ingila ta wajabta amfani da shi a 1838. A lissafin yau, mataki na 8 shi ne iskar da ke gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa, na 10 kuwa kilomita 89 zuwa 102.

Robert FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin daga 1831 zuwa 1836, yana cikin waɗanda suka fara aiki da wannan ma'auni. A 1854 aka ba shi shugabancin sabon sashen nazarin yanayi na gwamnati, aikinsa shi ne tattara kundayen kyaftin-kyaftin yana fitar da lissafi. Sai ga daren 25 ga Oktoba 1859. Guguwa ta fyaɗa jirgin Royal Charter da duwatsun tsibirin Anglesey, yana dawowa daga Ostareliya, saura ƙiris ya isa Liverpool, mutane kimanin 450 suka halaka. FitzRoy ya nuna cewa da an haɗa rahotannin tashoshi ta wayar tangaraho, da an ga tahowar guguwar. A watan Fabrairu na 1861 ya fara aika gargaɗi zuwa tashoshi, inda ake ɗaga wata alama mai siffar mazurari: idan tsininta yana sama guguwa daga arewa take, idan yana ƙasa daga kudu. Ran 1 ga Agusta na wannan shekara jaridar The Times ta buga hasashensa na farko ga jama'a. Ya kuma raba baromita ga ƙauyukan masunta.

Ladan da ya samu shi ne suka. Masu jiragen su suka ce yana hana ma'aikatansu fita, masana suka ce aikinsa bai da tushe, jaridu suka riƙa yi masa ba'a duk ranar da hasashe ya kuskure. Ga bashi, ga rashin lafiya, a ƙarshen Afrilu na 1865 ya kashe kansa. A 1866 aka dakatar da gargaɗin, amma koken masunta da na tashoshi ya sa aka dawo da shi a 1867. Daga 1925 gidan rediyon BBC ya shiga karanta hasashen teku, wanda a yanzu ya raba ruwan da ke kewaye da ƙasar zuwa yankuna 31. A 2002 aka sa wa ɗaya daga cikinsu sunan FitzRoy.

Da haka ilmin da yake kan ɗan masunci ya koma cikin akwatin rediyo. Da aka shiga ƙera jirage da roba mai zaren gilashi a shekarun 1950 da 1960, kuɗinsu ya sauko, sai malamin makaranta da akawu da likita suka samu shiga teku a ranakun hutu, da iyalansu.

Daren Fastnet

Ruwa dai ba sa'an kwando ba ne. Ran 11 ga Agusta 1979 jirage 303 suka tashi daga Cowes a tseren Fastnet, wanda aka fara tun 1925. Hanyarsa a lokacin ita ce a kewayo wani dutse mai fitila a kudu maso yammacin Ailan a dawo Plymouth, tafiyar mil 605 na teku. Akwai manya a ciki, irin su tsohon Firayim Minista Edward Heath, amma akasarin mahaya 'yan sha'awa ne a ƙananan jirage, da yawansu ko rediyon kira ba su da shi. Hasashen rana na ran 13 ga wata bai nuna girman abin da ke tafe ba, domin guguwar ta ƙara ƙarfi cikin 'yan awoyi. Kafin gargaɗin mataki na 10 ya iso, yawancinsu sun yi nisa a tsakanin Ingila da Ailan, babu tashar da za a fake. Iska ta juya alƙibla cikin dare, raƙuman ruwa suka riƙa karo da juna, jirage suka yi ta kifewa suna tashi. Mahaya 15 suka rasu, aka ceto fiye da 130, jiragen da suka gama tseren ba su kai 90 ba.

Abin da binciken da ya biyo baya ya gano ya fi komai ciwo. Jirage 24 ne mutanensu suka gudu suka bari, amma 5 kaɗai suka nutse, sauran 19 an same su suna yawo a kan ruwa. Mutum 7 daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma kwalekwalen roba na ceto. Wato dai shawarar da McMullen ya bayar shekara 110 kafin wannan dare, cewa jirgi mai filin juyawa ya fi abin da tsoro ke nuna wa mutum aminci, ita ce ta sake tabbata. Bayan haka aka tsaurara dokoki: dole a ɗauki rediyon kira, dole mahaya su nuna sun taɓa yin doguwar tafiya, aka kuma gyara ƙirar jirage da igiyoyin ɗaure jiki.

Kammalawa

Idan muka dubi wannan tarihi na shekara 300 da 'yan kai, za mu ga cewa kowane ci gaba a cikinsa daga rubutu ya fito. Beaufort ya ba matuƙa kalmomin da kowa zai fahimta iri ɗaya, FitzRoy ya gina hasashe a kan kundayen da wasu suka cika cikin sanyi da jiri, masu binciken Fastnet kuma da tambayoyin da suka aika wa mahaya suka yi aiki. A yau tauraron ɗan'adam yana nuna wa matuƙi inda yake, wayarsa tana kawo masa hasashen kwanaki, amma har yanzu ana koya wa sabon shiga ya duba baromita, ya rubuta abin da ya gani a kan lokaci, ba abin da yake fata ba. Hasashe yakan faɗi abin da iska za ta yi, shawarar fita ko zama a tasha kuwa tana nan a wuyan mai jirgi, kuma tun kafin a kwance igiya ake yanke ta. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.